Faifan Baba a Hannun Mai Sheƙi

Sallama gare ku, 'yan'uwana masu bin wannan labari nawa. Na ga saƙonninku duka, har da na wata baiwar Allah da ta rubuto min cewa in rage yanga, miji mai mota biyu ba a tsintarsa a bakin hanya. Na gode, Hajiya. Ki gyara zama ki ji abin da mai mota biyun ya aikata.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce Auta a gidanmu. Na daɗe da wuce shekarun da ake kiran mutum Auta da murmushi, yanzu da tsaki ake haɗawa. Ina da ɗan shago a ƙarƙashin wani bene, mai ɗinki a damana, mai gyaran agogo a haguna. Sana'ata tura waƙa. Mutum zai kwaso tsofaffin fayafayansa na sidi daga ƙarƙashin gado, in gyara waɗanda suka karce, in kwafe abin da ke ciki in zuba masa a waya ko a memori. Ni da Ummata muke zaune tun rasuwar Baba. Sai kuma Gwaggo, yayar Baba, wadda gidanta daban ne amma takalminta ya fi namu sanin ƙofar falonmu.

Gwaggo ba ta taɓa ɗaukar aikina a bakin komai ba. "Wankin faranti ne," in ji ta, "farantin ma da ba a cin abinci a ciki." Ita ta samo min manemi, kuma tun daga ranar take bina da shi kamar mai tallan da ta ga kayanta za su kwana.

Mutumin yana da wurin wankin mota a bakin babban titi, da injinan goge fenti, da ma'aikata a ƙarƙashinsa. Ni na raɗa masa Mai Sheƙi, a zuciyata da kuma nan wurinku. Takalminsa na sheƙi, agogonsa na sheƙi, goshinsa kuwa in rana ta faɗa kai sai ka kare ido. In ya zo zance, yana magana yana goge hannun kujerarmu da hankici, bai ma san yana yi ba. Ba mugu ba ne, kada ku ce na ce. Ciwonsa ɗaya ne: duk abin da ya gani a duniya, gani yake gogewa ce ta yi masa kaɗan.

Ga irin saƙon da nake tashi da shi kullum:

"Barka da asuba Gimbiya. Duk motar da na goge jiya, fuskarki nake gani a jikin ƙofa."

Ni kuma in amsa, "Allah ya ba da kasuwa."

Ya turo hoton zuciya. In tura hoton babban yatsa. Haka soyayyar tamu take tafiya, shi a guje, ni ina dogara sanda.

To, ga maganar faifan.

Baba ma'aikacin gidan ruwa ne, amma in ya taso daga aiki ya watsa ruwa, jitarsa yake ɗauka ya zauna a bakin taga. Waƙoƙinsa nasa ne, shi yake ƙirƙirarsu, kuma rabinsu tsokanar Umma ne. Sau ɗaya tak a rayuwarsa aka ɗauki muryarsa, tun ina 'yar firamare. Faifai ne mai ruwan zinariya, ya yi rubutu a samansa da shuɗiyar tawada, rubutun nan nasa mai jingina kamar zai faɗi, ga kuma shatin gindin kofin shayi da wani ya taɓa ɗorawa a kai. Bayan rasuwarsa Umma ta yi ta sa shi a tsohon rediyonmu har ya fara in'ina, daga in'ina ya koma tsalle, daga tsalle ya yi shiru. Ta naɗe shi a farin ƙyalle ta cusa ƙarƙashin mayafanta a durowa. Kwanakin baya ta miƙo min shi ta ce, "Auta, kina yi wa mutanen gari. Ina so in sake jin muryarsa kafin nawa kunnen ya tafi." Iyakar abin da ta ce ke nan. Umma ba ta maimaita roƙo.

Bari in ɗan yi muku bayanin aikin, don ku gane inda gizo ya yi saƙar. Faifai fuska biyu gare shi. Ta ƙasa roba ce kawai, kamar gilashin taga da na'ura ke leƙawa ta ciki. In ta karce, tana da magani. Da farko ka wanke da ruwa da ɗan sabulu, ka tsane da ƙyalle mai laushi. Sannan ka gwada kwafewa a hankali, don wani lokacin datti ne kawai da shatin yatsun yara. In ya ƙi, sai ka ɗiga man gogewa kaɗan, ka riƙa ja daga ramin tsakiya zuwa baki. Ka wanke, ka gwada, ka sake. Fuskar sama kuwa, inda ake rubutu, nan rai yake. Waƙar tana kwance ne a wani siririn ɓawo ƙarƙashin fentin, bai kai fatar albasa kauri ba. Wannan fuskar ba a goge ta, ba a kankare ta, ko takardar da aka manna ba a ɓare ta. In ɓawon ya tafi, waƙa ta tafi, ko wa ka sani a garin.

Na ga abubuwa a shagon nan. Na ga wanda ya shafe faifansa da man goge baki har yana ƙamshin asuba. Na ga wadda ta goga ɓawon ayaba, ta kawo min shi ƙuda na rakiya. Duk waɗannan ina yi musu dariya in wanke in gyara, don ɓarnarsu a ƙasa take tsayawa.

Faifan Baba yana da wani mugun karce a ƙasa, kusa da tsakiya, daidai inda na'ura ke fara karatu, don faifai daga ciki yake farawa ya yi waje. Kwamfutata ko ganinsa ba ta yi. Kowace gogewa kuma cin roba take, in ka zarce ba a dawowa. Saboda haka na riƙa bin sa kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. In tafi da shi shago da safe, in gwada hannuna a kan wasu fayafayan banza, in yi masa kaɗan, in dawo da shi da yamma, don Umma ba ta yarda ya kwana a waje.

Wannan tafiyar hawainiyar ce ta tsone wa Gwaggo ido.

Rannan na dawo na same ta a falo, ta baje a doguwar kujera, ta cire ɗankwali ta ɗora a gwiwa, ta juyo da fanka wajenta ita kaɗai, tana tsoma biskit a shayin da Umma ta haɗa wa kanta.

"Sannu da zuwa, injiniya," ta ce. "Ubanki ya yi magana ko har yanzu?"

"Ina wuni, Gwaggo. Saura kaɗan."

"Saura kaɗan. Amarya, kin ji ko?" Har gobe Amarya take kiran Umma, ko da yake furfura ta gama cin kanta. "Faifan saura kaɗan, auren ma saura kaɗan. Yarinyar nan da ita za a aika kiran mutuwa, da mun shekara dubu."

"Yaya, aikin na son haƙuri," in ji Umma, tana ninke kayan wanki.

"Haƙurin me? Abu kamar murfin kofi. Yaron nan fa mota sukutum yake mayarwa sabuwa. Rannan na ga wata mota da akuya ta hau ta yi mata zane tun daga gaba har baya, kafin in gama gaisawa ya mayar da ita madubi."

"Gwaggo, mota daban, faifai daban."

"Ke ma daban, ai mun sani. Yaushe za ki ba shi amsa? Bawan Allah ya yi ta zarya, tayar motarsa ta san ramukan layin nan fiye da masu gyaran titi."

"Ina tunani."

"Da tunani na haihuwa, da kin cika gidan nan da 'ya'ya."

Na shige ɗaki na rufe ƙofa a hankali, don a gidanmu buga ƙofa ma amsa ce. Waya ta yi ƙara. Mai Sheƙi ne: "Gimbiya, Gwaggo ta ce akwai abin da ya tsaya miki a rai. Ki bar min komai." Na ɗauka irin zancensa ne na kullum. Na tura babban yatsa. Jama'a, da hannuna na tura.

Washegari wani dattijo ya kawo min kwali guda na fayafayai, na ga kwana biyu ba zan sami natsuwar taɓa na Baba ba, sai na bar shi a gida. Umma ta tafi asibiti awon hawan jini. Gwaggo kuwa tana da makullin gidanmu, wai saboda ko-ta-kwana. Umma ta dawo ta ga ƙyalle ba faifai, ta ɗauka na bar shi a shago, ta yi fushinta a ciki ta yi shiru. Ni kuma ina zaton yana can ƙarƙashin mayafai yana hutawa.

Ranar Asabar da la'asar Gwaggo ta iso da shirin da ban gane ba. Ta sha leshi mai duwatsu, ta kafa ɗauri kamar zai tashi sama, turarenta ya riga ta sallama. Ta leƙo ɗakina ta gan ni da tsohuwar doguwar rigata mai tabon man gogewa a hannu.

"Tashi ki sa kayan mutane. Shuɗiyar nan mai aiki a wuya. Ki shafa hoda, fuska kamar an kore ki daga aiki."

"Wa zai zo?"

"Alheri."

Alheri ya iso cikin fararen kaya da suka sha guga har suna ƙara in ya motsa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya jera su, ya duƙa ya ɗan share kan ɗaya da yatsa. Ya durƙusa ya gaida Umma, ya gaida Gwaggo, ya kalle ni ya ce, "Gimbiya, barka da hutawa." A hannunsa akwai wani ɗan akwati mai jan ƙyalle, an ɗaure shi da zare mai ƙyalli. Na ce shi ke nan, zobe ne, kuma a gaban Umma za a ritsa ni. Na fara tsara kalaman da zan ce ina tunani da su ba tare da na ce ina tunani ba.

"Umma," ya ce, "na ji abin da ke ranki. Ni ban iya magana ba, aiki na iya."

Ya kwance zaren, ya buɗe akwatin, ya juyo da shi wajenmu.

Faifai ne. Ban taɓa ganin faifai mai kyansa ba. Ba rubutu, ba shatin kofi, ba ruwan zinariya. Fes yake kamar ruwan randa, har jan ƙyallen da ke ƙarƙashinsa nake gani ta cikinsa. Na sa yatsa a ramin na ɗaga shi saitin taga. Na hango igiyar shanyar maƙwabta, da zanen gadonsu mai furanni, da wata kaza a kan katanga. Abin da ya rage na zinariyar wani siririn zobe ne kewaye da ramin tsakiya.

"Wannan na wane ne?" na tambaya, ko da yake cikina ya riga ya ba ni amsa.

"Na ubanki ne mana!" Gwaggo ta tafa hannu. "Kin gani? Abin da ya gagare ki, yaro ya gama shi kafin shayi ya huce."

"Da inji na yi," in ji Mai Sheƙi, yana sunkuyar da kai irin na mai jiran yabo. "Ƙaramin soso na sa, wanda muke yi wa fitilar mota da shi. Ƙasan bai ba ni wuya ba. Saman ne ya so ya yi gardama. Ga tawada, ga tabon shayi, ga wani ɓawo da ya riƙa tashi kamar ƙaiƙayi. Amma na bi shi a hankali har ya fita tas."

"Ɓawon," na ce. "Ina ɓawon yake?"

"Ai ruwa muka sakar masa. Ya bi kwata."

"Ka wanke ubana ka tura shi kwata."

Umma ta ajiye rigar da take ninkewa ta miƙo hannu. Na ba ta faifan. Ta juya shi, ta sake juyawa, tana shafa samansa da babban yatsa, tana neman abin da ta saba taɓawa.

"Rubutunsa fa?" ta ce.

"Umma, in don rubutu ne kada ki damu," in ji Mai Sheƙi da sauri. "Akwai mai buga mana rubutu a jikin mota. Zai sa sunan Baba da manyan haruffa, ruwan zinariya, wanda ko ruwan sama ba ya gogewa."

Ni mutum ce mai sanyin magana, waɗanda suka san ni za su shaida. A hankali na yi masa bayani, kamar yadda na yi muku ɗazu, fuskar ƙasa da fuskar sama, fatar albasa da komai. Ina yi ina kallon murmushinsa yana raguwa kamar ruwa a kwano mai huji. Da Gwaggo ta bar ni, da a nan zan tsaya.

"Auta, ki iya bakinki," ta ce. "Turancin banza kike ta zubawa don an fi ki. Abu ya yi kyau kin ce ya lalace. Mutum ya bar aikinsa ya yi abin arziki, ko sannu babu? Irin mijin da ake nema ke nan, mai cewa a bar masa komai. Yau za ki ba shi amsarsa, nan a gaban uwarki."

"Amsa kuke so?"

"Ita muka zo karɓa."

"To ga ta. Ya dawo min da waƙoƙin Babana, dukansu, Umma ta ji da kunnenta. Ranar da ya yi haka, wallahi na amince, ku sa rana."

Na faɗa ne irin yadda ake cewa sai in rana ta fito daga yamma. Amma Gwaggo ta cafe maganar tun kafin ta faɗi ƙasa.

"Amarya, kin ji. Ta rantse, ba wanda ya matsa mata baki. To a sa faifan mu ji. Ina kwamfutar taki?"

Na ɗauko ta daga jaka na ɗora a tebur, don kawai in rufe bakin Gwaggo. Na sa faifan. Ya fara juyawa, ya yi ƙugi, ya yi shiru. Sai ga jerin waƙoƙin ya fito a fuskar kwamfuta, tun daga ta farko har ta ƙarshe.

Gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗe ta ko da ba ta yi min daɗi ba. Mugun karcen nan na ƙasa da na yi ta lallaɓawa, babu shi. Mai Sheƙi ya fitar da shi sumul, fiye da yadda hannuna zai iya. Da a ƙasan ya tsaya, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Gwaggo ta miƙe tana rawa da kafaɗa. "Ga shi nan! Ga shi nan! A fara neman telan amarya!"

"Me ka ɗora a tsakiyar nan?" na tambaye shi, ina nuna zoben da ya rage.

"Murfin gwangwanin mai ne. Da shi na danne don kada injin ya yi jifa da shi."

Murfin gwangwani. Abin da ya tsaya tsakanin Babana da kwata ke nan. Jerin sunayen yana can ciki, shi ya sa ya tsira, amma jeri ba waƙa ba ne. Ban danna a saurara ba, na sa kwafewa tukuna, a mafi ƙarancin gudu, don ban san ko faifan zai sake yarda ya buɗu ba. Layin da ke nuna tafiyar aikin ya ɗan motsa, ya ƙara motsawa, sai na'urar ta fara ƙas-ƙas kamar mai tauna tsakuwa. Na gwada ta biyu, babu. Na gwada ta uku, babu. Har ƙarshe, ɗakuna ne da ƙofofi ba kowa a ciki. Abin da ya fito ko minti ɗaya bai cika ba.

"Ki sa mana," in ji Umma.

Na danna.

Da farko shuu ce kawai. Sai ƙarar jan kujera. Sai tari, tarin Baba, guda biyu gajeru kamar mai neman izini. Umma ta dafe ƙirji. Aka ɗan taɓa wayoyin jita. Wata muryar namiji da ban sani ba ta ce, "Matso kusa da makirfo, Malam. Yauwa. In na ɗaga hannu sai ka fara."

Sai wata murya ta mace ta ratso, mai kaifi, da ƙuruciyarta, amma ko a cikin barci aka tashe ni zan gane ta.

"Wai saboda wannan shirmen aka kashe mana fanka? Magidanci da kai, kana ta ƙwaƙular waya kamar mara aikin yi!"

Baba ya yi dariya. Na manta yadda dariyarsa take farawa daga hanci.

"Yaya, don girman Allah ki fita ki ja mana ƙofa. Abin da ba ki iya ba, ki bar masu yi su yi."

Aka ji ƙarar ƙofa. Aka ji wata 'yar dariya daga gefe, ta Umma. Jita ta ɗauka, Baba ya ja numfashi ya fara, "Mai shayin da ba sukari, zo ki..."

Shi ke nan. Nan murfin gwangwani ya ƙare.

Sai Umma ta fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun Baba na da rai. Ta yi ta yi har ta kifa kai a kan kayan wanki, kafaɗunta na rawa, kuma ban san daidai inda dariyar ta koma kuka ba.

"Ba muryata ba ce," in ji Gwaggo.

"Yaya," in ji Umma tana share ido da bakin mayafi, "har fankar na tuna."

Gwaggo ta koma ta zauna. Ɗaurin nan da ya so tashi sama ya karkace gefe, ba ta gyara ba. Ta daɗe tana kallon kwamfutar kamar ƙaninta zai fito daga ciki.

"Ki tura min a wayata," ta ce.

"Har da inda ya kore ki?" na ce.

"Na ce ki tura."

Na tura mata. Na tura wa Umma, na zuba a memori biyu, na ajiye a wayata. Abin da ya rage min na muryar ubana ke nan, kuma rabinsa faɗan Gwaggo ne.

Duk wannan abin Mai Sheƙi yana durƙushe inda yake. Zufa ta jiƙa wuyan farar rigarsa, hankicin na hannunsa amma ya rasa abin da zai goge.

"Umma, ki yafe ni. Wallahi gyara na yi niyya."

"Na sani, ɗana. Tashi ka zauna."

Bai tashi ba. Ya ce, "Umma, wane ne wancan mai cewa a matso kusa da makirfo?"

"Wani mai gyaran rediyo ne, abokin marigayi. Shi ya zo da na'urarsa har ɗakin nan. A kaset ya fara ɗauka, daga baya ya juye mana a faifai."

Na juyo da sauri. "Kaset? Umma, ba ki taɓa gaya min akwai kaset ba."

"Ni ma sai da na ji muryarsa na tuna. Mutumin da ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ya yarwa. Amma ya tashi daga unguwar nan tuntuni, ban ma san ko yana raye ba."

Na ga idon Gwaggo ya kawo haske. Na ga Mai Sheƙi ya miƙe. Ko lemon da aka zuba masa bai taɓa ba, ya yi sallama ya zura takalmi ya taka bayansu, shi da ba ya yarda ƙura ta hau su. A lokacin ne rantsuwata ta dawo ta zauna min a ƙirji kamar dutse.

Tun daga ranar saƙon asuba ya ɗauke. Ba Gimbiya, ba fuskata a jikin ƙofar mota. Gwaggo ce ta maye gurbinsa, kullum sai ta kira ta tambaye ni ko na fi son ruwan hoda ko ruwan toka. Umma kuwa ta sa ɗan guntun nan a wayarta, tana shara tana ji, tana wanke-wanke tana ji. In ya kai inda ya yanke, sai ta tsaya da abin da ke hannunta, kamar wannan karon zai ƙarasa.

Na ba mai ɗinkin da ke kusa da shagona labari, ina neman mai taya ni baƙin ciki. Ta cire allura daga baki ta ce, "Ke da kike gaya wa mutane in an zarce ba a dawowa, ga shi bakinki ya zarce." Na ce mata na gode, Allah ya kawo ranar da zan rama.

Yau da rana ina shago, ina tsane wani faifai, waya ta yi ƙara. Hoto ne. Wani ɗaki mai duhu, kwalaye tun daga ƙasa har rufi, kowanne cike da kaset. Wani tsoho zaune a kujerar roba, tabarau a kan hanci. A gefen hoton ga Mai Sheƙi, fararen kayansa sun koma ruwan ƙasa, yanar gizo a kafaɗarsa. A ƙasa ya rubuta:

"Gimbiya na same shi. Ya ce bai taɓa yar da kaset ba, sai dai bai rubuta suna a jikin ko ɗaya ba. Sai mun saurara ɗaya bayan ɗaya. Na bar wa yara wurin wanki. Ban goge komai ba wallahi."

Na rufe shago da wuri. Duk hanya ina shawara da kaina ko in nuna wa Umma ko in yi shiru. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, wayarta a gefen tire, Baba na tari a ciki. Na miƙa mata hoton.

Ta goge hannu ta karɓa. Ta daɗe tana kallo, ta buɗa hoton da yatsu biyu ta duba fuskar tsohon.

"Shi ne," ta ce. "Ya tsufa."

Ta miƙo min wayar, ta kalle ni sosai, irin kallon da take min tun ina ƙarama in na yi ɓarna ina jiran ta gyara.

"Auta, rantsuwar taki ce, ban sa ki ba. Muryar kuma ina so. Ba zan ce ki aure shi don ni ba. Amma kada ki sa ran zan ce ya daina nema."

Ta koma kan shinkafarta.

Na yi alwala na yi la'asar. Da na idar na ɗaga hannu, na daɗe a haka tafukana a buɗe, ban san wanne zan roƙa ba, ya samu ko kada ya samu. Ina cikin haka wayar ta motsa a gefen sallaya. Daga Mai Sheƙi ne, saƙon murya, mai tsawo, ba ko kalma ɗaya a rubuce.

Umma ta ji ƙarar daga tsakar gida. Na ji ta ajiye tire. Ga inuwarta nan a bakin ƙofata, ba ta shigo ba, ba ta kuma koma ba, ni kuwa har yanzu da nake rubuta muku wannan ban danna ba.